Yadda Na Ƙona Moton Ruwan Kajiji

Ɗazu da mai injin casar shinkafar nan na Mandera ya sauke moton injinsa a ƙofar shago, tun kafin a yaye buhun da aka lulluɓe shi na san abin da ya same shi. Ƙaurin ya riga shi isowa. Na kuma ji abin da ɗayanku ya ce daga kan benci, idonsa a kan waya: wai ai obalodi ne ba a saita ba, kuma saitin obalodi ba wani aiki ba ne, ka duba lamba ka murɗa, shi ke nan. Ban tanka ba saboda mai kaya yana tsaye. Yanzu ya tafi, ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Gaskiya ne, murɗawa ce, kowa ma zai iya. Amma shekara talatin da 'yan kai ina wannan aiki tsakanin Boɗinga da Shagari, kuma babbar ɓarnar da na taɓa yi da hannuna, da wannan murɗawar na yi ta.

Bari in fara da abin kansa, don na lura wasunku suna ɗaura shi ba su taɓa leƙa cikinsa ba. A akwatin da ake tayar da moton lantarki, ƙarƙashin kwantakta mai haɗa wuta, akwai ɗan abin nan da bai wuce girman sabulun wanki ba. Cikinsa 'yan ƙarafa ne sirara guda uku, ɗaya ga kowane layin wuta. Kowanne ƙarfe biyu ne aka manne, ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa in ya ji zafi. Duk wutar da moto zai sha, ta jikinsu take bi. In yana aiki daidai ƙarfinsa, ɗumi kawai za su yi. In an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ya shiga jan wuta fiye da ƙima, sai su lanƙwashe a hankali, su tura wani ɗan harshe, kwantakta ya saki, moto ya tsaya kafin wayar cikinsa ta dahu. Fiyus aikinsa daban, shi haɗuwar waya ta farat ɗaya yake tarewa. Obalodi kuwa zafin da ke taruwa sannu sannu yake tsaro, irin wanda ba ya tartsatsi, ba ya ƙara. Ɗan maballin da ke fuskarsa mai lambobi kewaye, shi ke gaya masa inda zai ce ya isa haka.

A wurin Malam Hali na koya, Allah ya jiƙansa. Shagonsa yana bayan kasuwar Boɗinga, tsakanin wani tela da mai gyaran fitila. Ya yi shekaru a wata masaƙa a Kaduna yana kula da injuna, da aikin ya ƙare ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya da tari da bai rabu da shi ba har ya bar duniya. Ina ɗan shekara goma sha shida mahaifina ya kai ni. Wata shida ban taɓa waya ba. Tsumma da kananzir aka ba ni. Duk moton da aka kawo, aikina in goge ɗan farantin ƙarfen da ke jikinsa har rubutun ya fito, in karanta da ƙarfi: ƙarfin doki nawa, wuta nawa yake so, amfiya nawa yake sha. Wata rana na gaji na yi magana.

Na ce, "Malam, yaushe za a ba ni naɗin wayar moto? Wata shida ina gugar hwaranti."

Bai ɗago ba ya ce, "Mi anka rubuta ga wanga?"

"Amfiya goma sha ɗaya."

"Wa ya rubuta?"

"Waɗanda sunka ƙera shi."

"To, sun hi ka saninai, sun hi ni. Ranar da ka ga ka hi su, Sanda, ka gaya man in sallame ka."

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai mita mai baki, wadda ake buɗewa a kama waya da ita, irin ta da mai allura, ba mai lambobin nan masu ƙyalli da kuke yawo da su a aljihu ba. A tsohon rawani yake naɗe ta, kuma ba ka taɓa ta sai ka wanke hannu. Waya ɗai-ɗai ake kamawa, duka ukun, kuma sai inji yana cikin aiki, da hatsi a cikinsa ko ruwa a bakinsa. Wanda ya auna moto yana juyawa fanko bai auna komai ba. Akwai sukundireba doguwa mai ƙotar itace. Ba don kwance noti yake ajiye ta ba. Yakan dafa bakinta a jikin moto, ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido. Boris, wato zoben ƙarfen da sandar moto ke juyawa a cikinsa, mai lafiya yana da muryarsa, wanda ya fara ci yana da tasa. Sauran kayan aikin a jikinsa suke: tafin hannu da hanci. Yakan ce in ka ɗora hannu a bayan moto ba ka iya ƙirga goma ba, ka daina gardama da obalodi.

Akwai wani injin niƙa da aka kira mu a Horo Birni, shekarata ta biyu. Mai injin ya ce da safe lafiya lau, amma da rana ta take sai ya riƙa tsayawa, mata na layi da ƙoren gero suna yi masa tsiya. Da muka buɗe akwatin sai ga karan dawa an fiƙe an cusa a kwantakta don kada ya saki. Malam Hali ya zare karan, ya miƙa wa mai injin. Ya auna layi uku, duk suna ƙasa da abin da ke jikin faranti. Ya saurari boris, lafiya. Sai ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, ya sayi gyaɗa, ya zauna yana ɓarewa. Ni duk kunya ta ishe ni, an ɗauko mu daga Boɗinga mun zo muna cin gyaɗa. Bayan azahar rana ta karkato, ta shigo ta wani wagegen gibi tsakanin bango da kwano, ta sauka daidai kan akwatin. Ba a jima ba inji ya tsaya. Akwatin ya yi zafin da ba a iya taɓawa. Tsohon obalodi ne, bai san bambancin zafin wuta da zafin rana ba.

Malam Hali ya ce, "A samo man zana biyu."

Aka kawo, muka toshe gibin. Inji ya yi ta niƙa har la'asar sakaliya.

Mai injin ya ce, "Malam, wanga shi na aikin duka? Zana?"

"Awo. Zana biyu. Da na murɗa maka lamba, da ka yi murna yau, ka kawo man gawa bayan sati."

Matan suka yi ta dariya. Shekaru bayan nan, in muka shiga garin, sai ka ji ana cewa ga injiniyan zana nan ya zo.

A Shagari kuma, a wani injin casar shinkafa, na koyi cewa lambar faranti ma ba kullum ake ɗora ta yadda take ba. Babban moto ne mai tashi hawa biyu, ya fara a hankali sannan ya ɗauki cikakken ƙarfi. Faranti ya ce ashirin da takwas, wanda ya ɗaura kuma ya saita ashirin da takwas, yana ganin ya yi daidai. Malam Hali ya bi wayoyin da yatsa ya nuna mini inda obalodin yake zaune. A irin wannan haɗi ba duka wutar ke bi ta cikinsa ba, rabi da ɗan ƙari ne. Sha shida ya kamata. Yadda aka bar shi, moto zai ƙone ƙurmus obalodi yana zaune bai san ana yi ba. A nan kuma ya hana ni barin obalodi a kan saitin da yake mayar da wuta da kansa in ya huce. Ya ce in inji ya tsaya, mai shi zai zura hannu ya taɓa bel ya ga abin da ya faru. Ƙarfe ya huce, inji ya tashi ba sallama. Ya taɓa ganin hannun da inji ya cinye ta haka a masaƙa.

Haka muka yi shekara tara. Da idanunsa suka fara yin hazo, sai ya riƙa tura ni ni kaɗai, har ya kai ya sakar mini mutanensa gaba ɗaya na buɗe wannan shagon. Cikin abin da ya bar mini akwai injin ruwan Kajiji. Moto ne mai amfiya goma sha biyar, yana juya famfo, yana jan ruwa daga wata babbar rijiya a bakin fadama zuwa tanki mai ƙafafun ƙarfe. Unguwanni da yawa nan suke sha, makiyaya kuma suna da kwamin shayar da shanu a gefe. Malam Hali da kansa ya taɓa naɗe wannan moton. Mai kula da injin wani dattijo ne, Baba Ladan, wanda ƙarfin noma ya ƙare masa aka ba shi makullan ɗakin. Bai yi boko ba, amma ɗakin injinsa ya fi ɗakin kwanan wasu tsabta. Shugaban kwamitin ruwan kuwa Alhaji Modi ne, mai fataucin albasa, mutum mai kirki da saurin fushi.

Sai ga muguwar shekarar. Damina ta ɗauke da wuri, rijiyoyi suka ja baya, bazara ta zo da azumi a cikinta. Wutar da ake kawowa ta yi rauni, ƙwan fitila sai ya yi ja kamar garwashi. Ku sani, in wuta ta yi rauni moto ba ya rage sha, ƙarawa yake yi. Ko'ina injuna suna faɗuwa. A ƙofar shagon nan sai ka tsallake moto kafin ka shigo.

Wata safiya ɗan kabu-kabu ya kawo mini saƙon Baba Ladan: inji yana tashi, ya yi kamar rabin awa, ya tsaya. Da hantsi na isa. Jarkoki sun yi layi har bakin hanya, shanu sun kewaye kwamin da babu ko ɗigo. Na danna obalodi, na tayar, na kama waya. Sha takwas, sha takwas, sha tara. Na kara sukundireba a kunne, boris yana gurzawa kamar ana taka tsakuwa. Ruwan rijiya ya yi ƙasa, famfo yana jawo rairayi, ya yi nauyi. Obalodin ba abin da ya same shi. Aikinsa yake yi.

Na fito na sami Alhaji Modi a inuwar tanki. Na ce, "Alhaji, sai an kwance famfo an wanke, an canza boris. Sai na tahi Sakkwato na samo. Kwana biyu."

"Kwana biyu? Sanda, dubi mutanen ga. Azumi ake. Dubi shanun ga."

"Na gani, ranka shi daɗe. Amma in anka matsa mashi..."

"Kai dai ba injiniya ba ne? Tashi shika yi, tsayawa shika yi. To hana shi tsayawa mana! Ka ba mu ruwan buɗa baki, gyara ya biyo baya."

Mutane suka taru a kanmu. Wata tsohuwa ta ɗago bokitinta ta nuna mini cikinsa, babu ko ɗigo. Na koma ɗakin injin. Na ce wa kaina kwana biyu ne kawai, moton Malam Hali ne, zai jure. Na sa bakin sukundireba a maballin, na kai shi daga sha biyar zuwa ashirin. Alhaji Modi yana bakin ƙofa, bai san abin da na taɓa ba, ya dai ga inji ya tashi bai ƙara tsayawa ba. Kafin azahar tanki ya fara tsiyaya ta sama. Addu'ar da aka yi mini ran nan ban taɓa samun irinta ba. Na hau babur na ce jibi ina nan tafe da boris.

Jibi ta zo ina kan wani moto a Boɗinga. Na ce gata. Gata ta zo, aka kira ni Shagari. Ba wanda ya aiko daga Kajiji, ruwa yana zuwa, ni ma sai na bar abin ya kwanta. Rana ta shida ɗan kabu-kabun ya dawo. Ya ce inji ya yi hayaƙi.

Tun daga bakin ƙofa hancina ya gama gaya mini. Baba Ladan yana tsaye a gefe, hannuwansa a baya. Na ce ya ɗauko mini sifana a jakar babur. Yana fita na buɗe akwatin, na mayar da maballin kan sha biyar, na rufe. Ina so ku ji wannan da kyau. Murɗawar farko kuskure ce. Ta biyun ba kuskure ba ce.

Alhaji Modi ya iso da 'yan kwamiti. Ɗaya daga cikinsu ya ce jiya wuta ta yi ta wasa, ya ji an ce in layi ɗaya ya ɗauke moto yakan ƙone. Alhaji ya juyo gare ni.

"Hakanan na, Sanda? Shina iya ƙona shi?"

Na ce, "Shina iyawa."

Ba ƙarya na yi ba, yana iyawa. Amma na san ba shi ba ne.

Alhaji ya ce, "To in da mai tsaro na wurin, ai da ya ji muryar inji ta canza ya kashe. Baba Ladan, ina kake?"

"Ina nan, Alhaji."

"Kana nan kana barci. Tsufa ya zo, ba laihinka ba ne. Kawo makullan."

Tsohon ya zaro makullan daga aljihu ya miƙa da hannu biyu. Ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa, ya bi ta tsakiyar masu jarkoki. Wasu suna faɗa masa magana. Ni ina durƙushe ina kwance notin moto, ban ɗago kai ba.

Shagon Malam Hali na kai moton, don shi ke da babbar gangar gashi, kuma hannunsa ne a ciki. A lokacin ba ya ganin fuska sai dai inuwar mutum, amma kullum yana zuwa ya zauna a kujerarsa ta bakin ƙofa. Na gaishe shi, na ce moton Kajiji ne, ana cewa layi ɗaya ya ɗauke. Ya ce in buɗe in matso da shi. Ya sunkuya ya shinshina. Sannan ya zura yatsunsa ciki, ya bi naɗin yana latsawa, rami bayan rami, har ya kewayo inda ya fara. Ya murtsuke baƙin da ya maƙale masa a yatsa.

Ya ce, "In layi ɗaya ya ɗauke, wani wuri shika ƙonewa, wani wuri ka iske shi ja wur kamar yau anka naɗa. Wanga ko'ina ya dahu daidai. A hankali anka dahwa shi, kwana da kwanaki." Ya yi tari, ya goge hannu a riga. "Nawa ka kai shi?"

"Ashirin, Malam."

"Kwana nawa?"

"Shida."

Ya jinjina kai. "Ya yi ƙoƙari." Moton yake nufi.

Na jira faɗa, bai zo ba. Sai ya ce in ɗauko kurfi da guduma mu fara cire wayar. Muka yi kwana huɗu a kan moton nan, kuma shi ne naɗi na ƙarshe da Malam Hali ya sa wa hannu. Ni ke juya katakon naɗi, shi yana riƙe da waya tsakanin yatsa biyu yana ƙirgawa a hankali, in na yi sauri ya ce, "Sannu, ba tsere muke ba." Takardar da ake shimfiɗawa a ramuka shi ya yanka, da lalube, kuma ko ɗaya ba ta yi gajarta ba. Yana aiki yana ba ni labarin masaƙa, yadda ƙarar injuna take sa mutum ya koyi karanta leɓe, da wani ubangidansa da ke sa su wanke hannu kafin su taɓa mita. Na jima ban ga ya yi walwala irin ta kwanakin nan ba. Muka zuba banish, muka sa a ganga, muka hura gawayi kaɗan kaɗan a ƙasa, ƙanshin ya cika layin har tela yana ƙorafi.

Rana ta uku, muna jiran gashi, ya ce, "Can Kajiji, wa anka ɗora ma laihi?"

Na gaya masa. Na gaya masa har da mayar da maballin.

Ya gyara zama a kujera. Sannan ya ce, "Moto dai ga shi, gobe shina tashi. Tsohon fa, wa ka naɗe shi?"

Iyakar abin da ya ce ke nan, bai kuma sake tayar da zancen ba.

Kwana goma sha ɗaya Kajiji ta yi babu ruwan tanki, maimakon biyun da na nema tun farko. Jakuna suka yi ta jigila daga wata rijiya mai nisa, makiyaya suka kora shanunsu suka nufi gulbi. Na wanke famfo, na sa sabon boris, na ɗaga bututun sama da rairayi, na ɗaura moto. Na kama waya: sha uku, sha uku, sha huɗu. Ruwa ya hau. Aka yi la'asar, mutane suna fitowa daga masallaci, na tari Alhaji Modi a gaban 'yan kwamiti da duk wanda ke wurin.

Na ce, "Alhaji, ina da magana. Ba wuta ta ƙona moton ga ba, ba kuma Baba Ladan ba. Akwai abin da ka tsai da inji in ya ji wuya. Ran da na zo na farko, ni na ɗaga shi don kada shi tsaya. Na ce ina dawowa jibi, ban dawo ba. Da ya ƙone kuma na maida shi inda yake don kada a gane."

Wani ya fara salati. Fuskar Alhaji Modi ta canza, na ce yau zan ji abin da ban taɓa ji ba. Ya dubi tanki, ya dube ni.

Ya ce, "Kai ka murɗa. Amma wa ya tsaya bisa kanka yana cewa hana shi tsayawa?" Ya gyara hularsa. "Ta biyun kuwa taka ce kai ɗaya, ba ni cikinta. Wuce mu tahi."

Ba a yafe mini nan take ba, kada ku ɗauka haka. Akwai masu injin niƙa a garin da suka daina kirana, sai bayan shekara biyu wasu suka dawo, wasu har yau. Amma a ranar, ni da Alhaji da mutum uku muka taka har ƙofar gidan Baba Ladan. Muka same shi a zaure yana tufka igiya. Muka gaisa. Alhaji ya durƙusa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, ya ajiye makullan a kan tabarma.

"Baba, mun zalunce ka. Ka yahe muna. Sanda ya hwaɗi gaskiya gaban jama'a."

Ni ma na ce abin da zan ce. Tsohon bai daina tufka ba sai da na kai ƙarshe.

Ya ce, "Ai na gane ka. Da ka aike ni ɗaukar sifana, na waiwayo daga bakin ƙohwa, na ga hannunka cikin akwati."

Alhaji ya ce, "Subhanallahi! Baba, ka gani, kuma ka yi shiru anka karɓe maka makullai?"

"Alhaji, in ce mi? Ban san sunan abin ba. Ban san lamba ba. Ga injiniya, ga tsoho mai shara. Maganar wa za ku ɗauka?" Ya ɗauki makullan ya juya su a hannu. "Na yahe. Amma ba ni komawa sai da sharaɗi. Sanda shi nuna man wurin da abin ga ya kamata shi tsaya, shi sa man alama wadda idona ke gani."

Washegari na zo da jan fenti. Na tsoma tsinken ashana, na ɗiga ɗigo ɗaya a kan sha biyar, ɗaya a bakin kibiyar maballin. Na nuna masa: in ja yana kallon ja, lafiya. In sun rabu, wani ya taɓa. In inji ya tsaya da kansa, ya bar shi ya huce, ya danna sau ɗaya. In ya sake tsayawa, ya kulle ɗakin ya aiko mini, ko wa ya ce ya tayar.

Ya ce, "Ko Alhaji?"

Alhaji Modi yana tsaye a bayanmu ya ce, "Ko ni."

Baba Ladan ya ƙara shekara takwas a ɗakin injin nan kafin Allah ya karɓi abinsa, moton kuma bai sake ƙonewa ba. Muka saba ƙwarai. In na je yakan ajiye mini fura, ya tambayi iyali da sunayensu. Amma a duk shekarun nan, ko giris kawai na zo sawa, in dai na buɗe akwatin, ba na rufe shi sai ya zo. Zai ajiye tsintsiya, ya share hannu, ya ce in matsa. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa obalodin, ya daɗe yana duban ɗigon nan biyu, ni ina tsaye a gefe da furfurata da mitata a hannu. Sannan ya miƙe ya ce, "To, Injiniya. Ruhe."